Abuja: Yadda Aka Zaɓi Babban Birnin Nijeriya, Aka Kuma Gina Shi

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, shugaban ƙasa na mulkin soja, Janar Murtala Ramat Muhammad, ya yi wa al'ummar Nijeriya jawabi ta rediyo da talabijin, ya sanar da manyan shawarwari guda biyu. Ta farko, an ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19. Ta biyu, za a ɗauke mazaunin gwamnatin tarayya daga Legas a kai shi wani yanki na tsakiyar ƙasa, inda za a sari daji a kafa sabon birni. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1976 ita ta tabbatar da wannan shawara, ta shata iyakokin yankin, ta kuma kafa hukumar da za ta gina shi. Kwana goma bayan jawabin, ranar 13 ga Fabrairu, aka harbe Murtala a cikin motarsa a Legas yana kan hanyar zuwa ofis. Gwamnati ba ta tare a sabon birnin ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, kusan shekara 16 ke nan, bayan an yi shugabannin ƙasa huɗu a tsakani.

Sauya wa mulki mazauni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma mutanen Mashi, da ke zaune tsakanin Katsina da Daura, suna kewaye da shaidunsa. A ƙaramar hukumar Mani, maƙwabciyar Mashi, akwai Durɓi ta Kusheyi, inda tarihin baka ya ce Durɓawa sun yi sarauta kafin mulki ya tattara a Birnin Katsina. A Daura ma ana ba da labarin cewa sarauta ta zauna a Tsohon Birni kafin ta dawo inda take yanzu, kusa da rijiyar Kusugu. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina sun kafa sabuwar fada a Maraɗi, na Daura kuma suka watsu zuwa Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa Daura. Su kansu Turawan Ingila sai da suka yi ta laluben wurin zama: daga Lakwaja zuwa Jebba, daga nan zuwa Zungeru a 1902, kafin su tare a Kaduna a 1917. Faransawa kuma suka ɗauke hedikwatar Nijar daga Damagaram suka kai ta Yamai a 1926. A duk waɗannan ƙaurace-ƙaurace, ruwa da tsaro da hanya su ne ke yanke hukunci. Abin da Abuja ta zo da shi sabo shi ne an naɗa kwamiti, an zayyana sharuɗɗa a rubuce, an ba kowane sharaɗi maki, sannan aka bi ƙasa ana aunawa.

Legas ta zama babban birnin Nijeriya ne a 1914, lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa, kuma dalilin bai wuce tashar jiragen ruwa ba. Gwamnatin da ke karɓar umarni daga Landan, take kuma fitar da gyaɗa da auduga da koko zuwa Turai, dole ta so zama a bakin teku. Amma tun kafin samun 'yanci ake taƙaddama a kan matsayin garin. A taron tsarin mulki na 1953, jam'iyyar Action Group ta nemi Legas ta ci gaba da zama cikin Jihar Yamma, shugabannin Arewa da na Gabas suka ce sam, garin da kowa ke fitar da kayansa ta cikinsa bai kamata ya zama a hannun yanki ɗaya ba. A 1954 aka ware ta ta zama yankin tarayya. A Jamhuriya ta Farko har ma'aikata guda aka yi mata, kuma Bakatsine ne, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, ya riƙe ta a matsayin ministan harkokin Legas har zuwa juyin mulkin 1966.

Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, sai Legas ta zama tana ɗauke da gwamnatoci biyu, ta tarayya da ta jiha, a kan 'yan tsibirai da ruwa ya kewaye, babu filin faɗaɗawa sai an cike fadama da yashi. Sai ga kuɗin mai ya ɓarke bayan 1973, ga ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, ma'aikata suka yi ta sayen motoci, tituna suka toshe. A 1975 abin ya kai intaha: an yi odar siminti fiye da abin da tashar Apapa za ta iya saukewa, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, gwamnati na biyan kuɗin zaman jira, simintin kuma na daskarewa a cikin jirgi. Wanda Murtala ya ɗora wa nauyin warware wannan cunkoso, a matsayin kwamishinan sufuri, shi ne Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan wancan ministan na Legas. Ban da cunkoso, akwai darasin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Sojojin da suka yi yaƙin sun fito da tunanin cewa fadar gwamnati a gefen ƙasa, a bakin teku, a kuma tsakiyar ƙabila guda, rauni ne ga ƙasar da ta sha da ƙyar.

Murtala ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli na 1975, kuma a watan Agusta ya kafa kwamitin da zai duba lamarin, ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda. Zaɓen Aguda ya dace, domin ya taɓa zama babban jojin ƙasar Botswana, wadda ita ma a shekarun 1960 ta gina sabon babban birninta, Gaborone. Sauran 'yan kwamitin sun haɗa da Dakta Tai Solarin, malamin makaranta mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, da Kanal Pedro Martins, limamin Katolika na soja, da Farfesa O. K. Ogan, da Alhaji Muhammad Musa Isma, da Cif Owen Fiebai, da masanin labarin ƙasa Ajato Gandonu. Ya kamata a lura da sunayen nan, saboda daga baya an yi ta yaɗa cewa Abuja dabara ce ta 'yan Arewa don su janyo gwamnati kusa da gida. Shugaban kwamitin Bayerabe ne, kuma mafi yawan 'yan kwamitin daga Kudu suka fito.

Aikin da aka ba su shi ne su duba ko ya dace Legas ta ci gaba da riƙe gwamnatoci biyu. In bai dace ba, wacce za ta tashi. In kuwa ta tarayya ce za ta tashi, ina za ta koma. Sun karɓi takardun shawarwari daga jama'a, sun zaga manyan biranen jihohi, sun kuma fita waje sun ga ƙasashen da suka riga Nijeriya yin irin wannan aiki. Misalai kuwa ba su yi ƙaranci ba a lokacin: Ostareliya ta gina Kanbera, Barazil ta buɗe Brasiliya a 1960, Pakistan ta bar Karaci ta gina Islamabad, Tanzaniya kuma ta yanke shawarar komawa Dodoma a 1973. A watan Disamba na 1975 suka miƙa rahotonsu. Wata huɗu kacal aikin ya ɗauka.

Ma'aunin da kwamitin ya yi amfani da shi ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa ne alherin Abuja da matsalarta suke. Sharuɗɗa 13 aka jera, aka raba musu maki 100. Kasancewa a tsakiyar ƙasa shi ya ɗauki kaso mafi tsoka, maki 22. Lafiya da yanayi suka sami 12. Wadatar fili 10, wadatar ruwa 10, sauƙin isowa ta hanyoyi daban-daban 7. Tsaro, da samuwar kayan gini a kusa, da ƙarancin jama'a, kowanne maki 6. Hanyoyin samun lantarki da magudanar ruwa biyar-biyar, irin ƙasar wurin da sauƙin tsara gari huɗu-huɗu. Jituwar ƙabilu, wadda ita ce aka fi tunawa da ita a yau in ana maganar Abuja, maki 3 kawai aka ba ta, ko da yake ana iya cewa tana ɓoye a cikin waɗancan maki 22 na tsakiya, tunda a Nijeriya duk wanda ya tsaya a tsakiyar taswira ya fita daga ƙasar Hausa, bai shiga ta Yarbawa ba, bai kuma kai ta Ibo ba. Wannan tsari ya fi ƙarfin son zuciyar mutum guda. A Kodebuwa, Shugaba Houphouët-Boigny garinsu ya mayar babban birni a 1983, wato Yamusukuro. Murtala Bakano ne, amma bai ja gwamnati zuwa Kano ko Kaduna ba, kuma wannan abin yabo ne da bai kamata a manta da shi ba.

Yankin da ya yi nasara fili ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, wanda ya ninka Jihar Legas fiye da sau biyu, a arewa da mahaɗar kogin Kwara da Binuwai. An yanko shi daga jihohi uku na wancan lokaci: Neja, wadda ta ba da kusan kashi huɗu cikin biyar, sai Filato, sai Kwara. Ɓangarorin Filato da Kwara da ke iyaka da shi su ne suka koma Nasarawa da Kogi a yau. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin wannan iyaka ta zama mallakar gwamnatin tarayya kacokan, babu jihar da ke da sauran iko a kanta.

Sunan da aka ba sabon birnin yana da tushe a tarihin Hausa. Lokacin da jihadi ya iso Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka a Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari da ke biyayya ga Zazzau tun da. Bayan rasuwarsa a 1825, ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ɗauki sunansa. Masarautar ta riƙe kanta har zuwan Turawa ba tare da an ci ta da yaƙi ba. Da gwamnatin tarayya ta buƙaci sunan, sai tsohon garin ya sakar mata shi, ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau. Shi garin Suleja an bar shi a Jihar Neja, a wajen iyakar yankin, haka ma dutsen Zuma da ake gani a bayan takardar naira 100, wanda mutane da yawa ke ɗauka a cikin Abuja yake.

Inda lissafin ya kauce shi ne wajen waɗancan maki 6 na ƙarancin jama'a. An ɗauka yankin kusan fanko ne, mutanen cikinsa 'yan dubbai ne da za a iya kwashewa gaba ɗaya a sake musu matsuguni a jihohin da ke kewaye, da kuɗin gwamnatin tarayya, domin kada wani ya tashi wata rana ya ce shi ɗan ƙasa ne a Abuja, saura baƙi. Haka Murtala ya bayyana manufar a jawabinsa. Amma da aka tura masana daga Jami'ar Ibadan a 1977, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, suka bi ƙauye-ƙauye suna ƙidaya, sai aka tarar da garuruwa da ƙauyuka sama da 800, da mutane fiye da 100,000. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne mafi yawa. Akwai Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da Egbura, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Manoman doya ne da dawa, masu gonaki da kushewun kakanni da wuraren bauta a kan duwatsu. Masanan sun kuma yi gargaɗin cewa in aka kwashe manoma aka bar daji ya rufe, ƙudan tsando zai ƙaru, ga shi kuma bakin kogunan yankin na fama da ƙudan nan da ke haddasa makanta.

Kuɗin diyyar ya fi ƙarfin abin da aka tanada. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya manufa: waɗanda ginin birni ya biyo ta kansu ne kaɗai za a tasa, saura su zauna inda suke. Duk wanda ya taso daga Mashi zai tafi Abuja ta Funtuwa da Zariya da Kaduna, kafin ya kai mararrabar Suleja zai ratsa wani gari a bakin titi da ake kira Sabon Wuse, a Jihar Neja. Mutanen asalin Wuse ne aka kawo nan, aka bar sunan garinsu a kan unguwar da yanzu take da babbar kasuwa da bankuna. Mutanen Maitama da na Kukwaba an kai su Kubwa. Ƙauyen Garki kuwa ya tsaya daram, birni ya zagaye shi. Mai son ganin labarin a dunƙule ya ciro takardar naira 20 ya duba: a gaba hoton Murtala ne, wanda ya sa hannu a dokar, a baya kuma Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya, Bagwariya daga Kwali, ɗaya daga garuruwan da dokar ta haɗiye, wadda tukwanenta suka kai Turai da Amurka tun kafin a san za a yi birni a wurin.

Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wadda aka fi sani da FCDA, ta fara aiki a 1976 ƙarƙashin kwamishina Mobolaji Ajose-Adeogun. Ofishinta na Legas, sansanin ma'aikatanta na Suleja, daga nan injiniyoyi da masu awon ƙasa ke shiga daji. A 1977 aka ba wani gungun kamfanonin Amurka uku, mai suna International Planning Associates, kwangilar zana babbar taswirar birnin, suka miƙa ta a watan Fabrairu na 1979. Cikin duk faɗin yankin, kusurwar arewa maso gabas suka zaɓa, filayen Gwagwa da ke gindin dutsen Aso, saboda tudu ne, iskarsa ta fi ta kwarin kogin Gurara sauƙi, ƙasarsa kuma za ta ɗauki manyan gine-gine. Birnin kansa an ware masa kimanin murabba'in kilomita 250. An zana shi da siffar jinjirin wata: cibiya a gindin dutsen, sai fukafukai biyu, ɗaya ya yi arewa maso yamma, ɗaya kudu maso yamma, ana gina su mataki-mataki har huɗu. An yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kuma ɗan sama da miliyan 3 in an kammala, daga nan sai a karkata ƙarin jama'a zuwa garuruwan kewaye.

Taswirar ta yi zurfin tunani. Kowace unguwa an tsara mata makarantar firamare da ɗakin shan magani da 'yar kasuwa a inda ƙafa za ta kai; unguwanni su haɗu su yi gunduma mai cibiyarta. An ce kada a raba fili sai an riga an shimfiɗa titi, an binne bututun ruwa da na bahaya da wayar lantarki. An bar kusan kashi ɗaya cikin uku na filin don lambuna da duwatsu da bakin rafuka. An kuma keɓe layuka na musamman a tsakiyar kowane fiffike don jirgin ƙasa da manyan motocin haya. Tsakiyar birnin kuwa wani shahararren mai zanen gine-gine ɗan Japan, Kenzo Tange, aka ba ya fitar da ita dalla-dalla. A can ƙurya, dab da dutsen Aso, aka ajiye fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki da kotun ƙoli wuri guda. Daga nan aka ja doguwar hanya ta ratsa ma'aikatu, da babban masallaci a gefe ɗaya, babbar majami'a a ɗaya gefen, kowanne na hango ɗan'uwansa. Mataki na farko shi ya ƙunshi wannan cibiya da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro.

Gini na sosai ya kankama ne a zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979. Ba kowa ya yi na'am ba. Cif Obafemi Awolowo ya soki aikin a yaƙin neman zaɓe, yana ganin akwai abubuwan da suka fi shi buƙatar kuɗi. Shagari kuwa ya rungume shi hannu bibbiyu, har ya matso da lokacin tarewa daga 1986 da aka tsara zuwa farkon shekarun 1980. Ministocinsa na Abuja su ne John Kadiya, sai Alhaji Iro Ɗanmusa daga ƙasar Katsina, sai Alhaji Haliru Ɗantoro. A wannan lokaci aka fasa manyan tituna, aka gina filin jirgin sama, aka tayar da gidajen ma'aikata na Garki, aka yi masaukin shugaban ƙasa wanda yanzu ake kira Gidan Aguda. Ranar 1 ga Oktoba, 1982, aka yi bikin cikar Nijeriya shekara 22 da samun 'yanci a Abuja, karo na farko, cikin ƙura da ƙarar katafila.

Gaggawar ta yi tsada. An raba kwangiloli barkatai, wasu ga mutanen da ba su taɓa aza bulo a kan bulo ba, aka karɓi kuɗin somin-taɓi aka bar gini a tsaye rabi. Wasu gidajen da aka gama cikin sauri ba su yi ƙarko ba. Sannan farashin mai ya faɗi, baitulmali ya yi ƙasa, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu tun daga 1982. Da sojoji suka karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, ƙarƙashin Manjo Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, sai aka rage gudu, aka shiga binciken kwangiloli, aka koma ga shawarar a riƙa ƙaura kaɗan-kaɗan. Manjo Janar Mamman Vatsa ne ministan Abuja a lokacin. Bayansa Hamza Abdullahi da Gado Nasko suka riƙe ta a zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma a hannunsu ne ma'aikatu suka fara tasowa daga Legas ɗaya bayan ɗaya. Babban otal ɗin Hilton ya buɗe a 1987, Jami'ar Abuja ta kafu a 1988 a Gwagwalada. Madatsar ruwa ta Usuma, wajen Bwari, ita ta ba birnin ruwan sha, kafin daga baya a janyo ƙari daga kogin Gurara ta manyan bututu.

Abubuwa biyu suka ƙarasa aikin. Ranar 22 ga Afrilu, 1990, wasu sojoji ƙarƙashin Manjo Gideon Orkar suka kai hari barikin Dodan, mazaunin shugaban ƙasa a Legas, suka kashe dogarinsa, Laftanar Kanal U. K. Bello, Babangida ya tsira da ƙyar. Bariki ne a tsakiyar unguwa, kuma daren ya nuna irin rauninsa. Sai kuma taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka shirya yi a Abuja a watan Yuni na 1991, wanda ya sa aka gina babban zauren taro na ƙasa da ƙasa da masaukan baƙi cikin 'yan watanni. Kamfanin Julius Berger ya kammala fadar shugaban ƙasa a gindin dutsen Aso, kuma ranar 12 ga Disamba, 1991, Babangida ya bar Legas ya tare. Sauran ma'aikatu da hukumomi da ofisoshin jakadanci sun ci gaba da biyo baya har cikin zamanin Janar Sani Abaca, lokacin da aka gina rukunin gidajen Gwarinpa.

A ma'aunin abin da aka nema tun farko, Abuja ta yi abin da aka gina ta dominsa. Daga Maiduguri ko Sakkwato ko Kalaba ko Legas ana iya isa gare ta a yini guda a mota, in hanya ta yi kyau. Babu babbar ƙabilar da za ta bugi ƙirji ta ce garinta ne. Mutanen Jihar Katsina biyu, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, sun yi mulki daga wannan fada, haka ma Obasanjo da Jonathan da Tinubu daga Kudu, kuma ba a ce da ɗayansu baƙo ba.

Sai dai taswirar ta yi wa ma'aikacin gwamnati tanadi, ta manta da wanda zai gina masa gida da wanda zai yi masa gadi. Nyanya sansanin leburori ne na wucin gadi da aka yi da niyyar rushewa in an gama aiki, ga shi nan ya zama gari. Tunda sai an kashe kuɗi masu yawa kafin a buɗe sabuwar gunduma, gundumomin suka yi ta jinkiri, filaye a cikin birni suka yi tsadar da albashi ba ya kaiwa, jama'a suka kwarara zuwa Kubwa, Lugbe, Karu, Dutsen Alhaji, Zuba da Gwagwalada, suka kuma tsallaka iyaka zuwa Mararraba da Masaka a Nasarawa, da Madalla da Suleja a Neja. Ƙidayar 1991 ta sami ƙasa da mutum 400,000 a yankin; ta 2006 ta sami kimanin miliyan 1.4, ban da na ƙetaren iyaka da ke kwana a wata jiha suna wuni a Abuja. Duk safiya, tun kafin a sallame sallar asuba, titin Mararraba zuwa Nyanya ya cika maƙil, motoci na tafiyar hawainiya, 'yan talla na ratsa tsakaninsu da ruwan leda da biredi, wato irin cunkoson da aka gudo wa a Legas. Layukan jirgin da aka keɓe tun 1979 sun daɗe babu komai a kansu. Jirgin Abuja zuwa Kaduna sai 2016 ya fara aiki, na cikin gari kuma sai 2018.

A cikin wannan jama'a ta bayan gari ne 'yan ci-rani daga Mashi da Mani da Dutsi da Mai'aduwa suke: birkiloli da leburori a wuraren gini, 'yan ga-ruwa masu tura kura a unguwannin da famfo bai kai ba, masu shayi, masu gadi, dillalan dabbobi da na katako a kasuwar Dei-Dei, 'yan dako a tashar Zuba. Su ne rusau ya fi shafa. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, an yi gagarumin yunƙurin dawo da birnin kan taswirarsa. An sa bayanan filaye a kwamfuta, an rushe gine-ginen da aka aza a kan magudanun ruwa da filayen lambu, ciki har da na manyan mutane, an kuma hana acaɓa a tsakiyar gari a 2006. Gyaran yana da hujja, domin an riga an ci iyakokin taswirar ta ko'ina. Amma an baje unguwannin talakawa irin su Idu da Karmo, dubban iyalai suka rasa matsuguni, yawancinsu kuma ba su bar yankin ba, gaba kaɗan suka matsa suka sake kafa wasu.

Su kuwa 'yan asalin wurin, matsayinsu ya zama wani abu tsaka-tsaki. Tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauki yankin tamkar jiha, amma ba shi da gwamna ko majalisar jiha. Shugaban ƙasa ne ke mulkinsa ta hannun ministan da ya naɗa, Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka. Yana da sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, da ƙananan hukumomi shida: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Manomin da ya gaji gona daga kakanninsa ba shi da takardar mallaka a kanta, in aka zo karɓa amfanin gona da itatuwa da gini ake biyansa diyya, ban da ƙasar. Ƙungiyoyinsu sun daɗe suna neman a ba su kujerar minista kamar kowace jiha, kuma a watan Janairu na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce suna da wannan haƙƙi. Ba a aiwatar ba sai a watan Agusta na 2023, lokacin da aka rantsar da Zephaniah Jisalo ministan ayyuka na musamman, ɗan asalin yankin na farko da ya shiga majalisar ministoci ta tarayya, shekara 47 bayan dokar 1976.